Ranar da Yallaɓai Ya Shiga Gidan da Ya Tabbatar

Yau da hantsi ni da maiɗakina muka ciro babban jami'in hukuma daga rami da igiyar shanya. Na gaya muku da wuri ne don kada ku ji a bakin wani, ya ƙara gishiri, ya ce ni na tura shi. Ban tura shi ba. Da ƙafarsa ya shiga, takarda a hannu, har yana murmushi saboda hoto. Amma in za a bi gaskiya akwai hannuna a ciki, ko in ce bakina, kuma abin da ya hana ni cin abincin rana ke nan.

Masu bin wannan shafi sun san ni. Gyaran fanka da dutsen guga ne sana'ata, rubutun nan ma a bayan kwalin kayan gyara nake fara shi. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne shekara ashirin da bakwai muna haya. A gidan da muke yanzu ko ƙusa ba ka isa ka buga a bango ba sai ka nemi izini, kuma mai gidan yana da wata irin ƙwanƙwasa ƙofa, uku a jere sannan ɗaya a ware, wadda ko a kasuwa na ji irinta sai na fara lissafin kuɗin haya. Mahaifiyata, Inna, tana tare da mu. Ta tsufa, da sanda take tafiya, a falo take kwana bayan labule saboda babu ɗaki. Duk abin da muka tara ni da maman yara tun muna da baƙin gashi, ni da sukundireba ita da keken ɗinki, don abu ɗaya muka tara shi: mu sayi gida, Inna ta samu ɗaki mai ƙofa. Sau ɗaya za mu iya wannan sayayya. In muka yi kuskure babu ta biyu.

Ana haka sai wani dillali, wanda unguwa ke kira Zuma saboda bakinsa, ya kai ni wani gida. Ɗaki uku da falo, da 'yar tsakar gida, an shafe shi da fenti sabo fil. Akwai ɗaki a baya mai taga tana kallon gabas, an shimfiɗa masa sabuwar leda a ƙasa. Ina leƙawa na hango Inna zaune a bakin gado rana tana dukan ƙafafunta, shi ke nan zuciyata ta kwanta a gidan ta ƙi tashi. Zuma ya ce akwai wani mai saye a hanya, amma albarkacin fuskata mai gidan zai jira ni wata biyu.

Maman yara ta je ta gani. Ta zagaya, ta shinshina bango, muka dawo gida. Nan ta ce ba da yawunta ba sai wanda ya san gini ya duba gidan tun daga rufi har tushe, ya kuma rubuta abin da ya gani. Na ce gida lafiyarsa ƙalau, da idona na gani. Ta tuna min cewa fankar falonmu ma da idona na gyara ta, kuma shekara huɗu ke nan ba ta juyawa sai an tura ta da sandar tsintsiya.

Maƙwabcina mai faci ne ya nuna min hanya. Ya ce ai gwamnati ta gama mana komai, akwai Hukumar Tabbatar da Tsayuwar Gine-gine. Na tuna da ita. Gwamnanmu, Mai Girma Uban Alkawura, shi ya buɗe ta, da almakashi da kiɗa, ya yi rantsuwa cewa daga ranar babu talakan da zai sake sayen gida a makance, kafin ka ajiye waya jami'i ya iso. Allah ya ƙara masa lafiya, ya iya magana. Mai faci ya ce motoci bakwai sababbi aka saya wa hukumar, ya san su ɗaya bayan ɗaya ta taya, sai dai bai taɓa ganin tsani a kan ko ɗaya ba. Na tambaye shi inda suke aiki. Ya ce shi dai ya fi ganin su a ƙofar makarantar yara da bakin kasuwa, watakila can ne gine-ginen suka fi rashin lafiya.

Ofishin yana hawa na biyu. A gindin matakala an liƙa sanarwa cewa a riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya. A ciki bokiti huɗu ne a tsakanin tebura, kowanne da wurin tsayuwarsa, kuma an jingina wata durowar fayil da ginshiƙi, ban gane wanne ke riƙe da wanne ba. A bangon da ke fuskantar ƙofa akwai tsaga da ta taso daga ƙasa, ta shige bayan wata babbar takarda mai firam, ta ɓullo ta sama. Na matsa na karanta. Takardar shaida ce cewa wannan gini an duba shi, lafiyarsa lau.

Zuwana na farko jami'in yana taron ƙara wa juna sani a otal, a kan yoyon rufi. Na biyu fom ya ƙare. Na uku fom ya samu amma mota ba mai, don haka na rufe shago na wuni a layin gidan mai da jarka, ni da ko babur ban da shi, domin motar gwamnati ta samu ta yi wa talaka aiki. A na huɗu aka sa rana, ranar kuwa ta faɗo daidai da ranar da maman yara za ta kai Inna asibiti duba ido.

Ya iso. Yallaɓai Babban Mai Duban Ƙwaƙƙwafi, mutum mai cika ido da cika kujera, da farar hular kwano mai sheƙi wadda ko ƙura ba ta taɓa ba. Motar ta tsaya a tsallaken titi. Direbansa ya fito da kujera mai naɗewa, ya buɗe lema, Yallaɓai ya zauna ya ɗora fom a gwiwa. Na jira ya huta, sannan na durƙusa na ce bismillah, ga gidan can. Ya dube ni da tausayi.

"Malam, ka san doka kuwa? An hana jami'i shiga ginin da ba a tabbatar da lafiyarsa ba. In ya faɗo min a ka, wa zai ɗauki alhaki?"

"To ranka ya daɗe, wa zai tabbatar da shi?"

"Ni mana."

"Daga nan?"

"Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki," in ji shi, "ko ƙwarzane ban taɓa samu ba."

Sai ya bayyana min tsarin. Mai neman takarda shi zai shiga, ya duba, ya ɗaga murya ta taga ya faɗi abin da ya gani, jami'i kuma ya rubuta. Ya ce sunan wannan shigar da al'umma cikin aiki, kuma ƙasashe da yawa suna sha'awar su zo su koya. Ban yi musu ba. Na tsallaka titi na shiga, Zuma yana biye da ni kafaɗa da kafaɗa.

Yallaɓai ya kira rufi. Na ɗaga kai. Akwai wani tabo ruwan ƙasa a silin, faɗin faranti, an danne shi da fenti amma yana ƙoƙarin fitowa ya gaisa. Na leƙa taga na ce ba laifi, ranka ya daɗe. Ya kira bango. A falo akwai wata tsohuwar wadirob da mai gidan ya ce ya bar mana kyauta, na leƙa bayanta na ga tsagar da yatsuna huɗu suka shige ba gardama. Na ce za a lallaɓa. Ya kira ƙofofi. Ta bayi ba ta rufuwa sai ka ɗaga ta da gwiwa, na ce ai haka ake yin su yanzu. Ya kira wayar wuta, wato fagena, abin da nake ci da shi. Na buɗe akwatin na tarar an haɗa wayoyi an naɗe da ledar burodi. Da a shagona wani ya kawo min wannan aiki, sai na kore shi har bakin titi. Na ce ba laifi.

Na ƙarshe shi ne daɓen ɗakin baya. Na taka tsakiyar ledar, sai ƙasa ta amsa min da wani sauti irin na durom marar ruwa, har ta ɗan lotsa ta dawo. Zuma ya yi gyaran murya ya ce daɓen zamani ne, mai taushi, an yi shi musamman saboda gwiwar tsofaffi. Na tsaya a wurin. Ba zan ɗora wa Zuma ba, dillali ne, aikinsa yake yi. Na ji sautin, kuma na san ƙasar kirki ba ta yin haka. Amma ina son gidan, kuma na gaji. Na dubi tagar nan mai kallon gabas, na zura kai ta cikinta na ce ba laifi.

Yallaɓai ya rufe fom, ya yaba min da cewa ya daɗe bai yi aiki da mai haɗin kai irina ba. Duka-duka minti ashirin.

Bayan kwana goma rahoto ya fito. Shafi goma sha biyu, da hatimi ruwan zinare, da jan zare, da sa hannu mai wutsiya. Yanzu ga abin da nake so ku ji da kyau, don shi ne abin kunyar. Na zauna a shago na karanta shi, sai na ji hankalina ya kwanta. Tabon, da tsagar, da ledar burodin, duk suka bi iska. Har na tsallaka wurin mai faci na ce masa da can daɓen ɗakin baya yana ɗan damuna, amma ga shi masana sun duba sun ce ba laifi. Ya daina buga iska ya tambaye ni waɗanne masana. Na nuna masa hatimin. Ya ce Allah ya sanya alheri, ya koma kan tayarsa.

Na isa gida ina taƙama. Maman yara tana kan keke, na tsaya a kanta na fara karanta mata da muryar masu labarai. Rufi, ba laifi. Ƙofofi, haka ake yin su yanzu. Sai na ji keken ya tsaya.

"Sake karanta min na bangon."

"Bango, za a lallaɓa."

"Baban yara, wannan injiniyan a gidan nan yake kwana?"

Na ce ban gane ba. Ta ce ita ta gane. Ranar da ta yi ƙorafin fanka, ba laifi aka ce mata. Ranar da famfo ya fara ɗiga, za a lallaɓa. Ranar da na sayo mata almakashin da ba ya yanka komai sai iska, haka ake yin su yanzu. Shekara ashirin da bakwai tana jin waɗannan kalmomi uku a bakin mutum ɗaya, yau ne kawai ta gan su da hatimi. Na so in yi borin kunya, amma idonta bai ba ni wuri ba, na zayyana mata yadda aka yi da lema da kujera da taga. Daɓen ɗakin baya ne kaɗai na haɗiye.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce za ta yarda a sayi gidan bisa sharaɗi ɗaya, Yallaɓai ya shiga da ƙafarsa ya gani. Na ce doka ta hana shi shiga ginin da ba a tabbatar ba. Ta karɓi rahoton, ta sa yatsa a kan hatimin, ta ce ai yanzu an tabbatar.

Wannan ko a mafarki bai zo min ba. Da na koma ofis kuwa sai na tarar su ma suna nemana. Ashe matakin ƙarshe shi ne a ɗauki hoton jami'i a cikin gida yana miƙa takardar shaida, domin a sa a rahoton shekara, duniya ta ga yadda ma'aikatan hukuma ke shiga lungu da saƙo. Yallaɓai ya ce yawancin mutane a ƙofar gida ake ɗaukar nasu, amma tun da Malama ta matsa, zai shiga.

Haka muka haɗu yau, ni da ita, da Zuma, da Yallaɓai, da direbansa riƙe da waya. Ya shiga yana yaba fenti. Maman yara ta nuna masa tabon silin, ya buɗe shafi na biyu ya karanta mata cewa ba laifi. Ta ture wadirob ita kaɗai, tsaga ta bayyana, ya buɗe shafi na huɗu ya karanta mata cewa za a lallaɓa. Na lura duk tsawon lokacin bai ɗaga ido daga takarda ba, kuma gaskiya ban ga laifinsa ba, ni ma a wurina takardar ta fi bangon daɗin kallo. Direba ya ce hasken ɗakin baya ya fi kyau, aka nufi can. Na buɗe baki, na tuna saura kwana uku wa'adin mai sayar da gidan ya cika, na rufe.

Maman yara ce ta fara taka bakin ledar. Ta ja da baya ta ce ƙasan nan tana da amo. Yallaɓai ya yi dariya.

"Malama, shafi na tara. Bari in nuna miki."

Ya taka zuwa tsakiyar ɗaki, ya ɗaga takardar shaida daidai ƙirji, ya yi murmushi, ya buga ƙafa a ƙasa don ta ji ƙarfin daɓe. Ya sake bugawa. A bugu na biyu leda ta naɗe, ƙasa ta buɗe, Yallaɓai ya tafi har hammata. Ashe tsohon ramin sokawe ne, inda ruwan bayi ke taruwa, aka rufe bakinsa da falanki, aka shafa ɗan siminti, aka gina ɗaki a kai. Direba kuma, bawan Allah mai bin umarni, daidai lokacin ya danna hoto.

Ina so in yi amfani da wannan dama in nemi gafarar duk wani tumbi na hukuma da na taɓa zagi a wannan shafi. Na sha cewa ba shi da amfani ga ƙasa. Yau na ga amfaninsa, don shi ya cika bakin ramin ya hana mai shi wucewa. Ƙafafunsa suna lilo a ƙasa, hularsa ta rufe masa ido, amma takardar tana sama bai sake ta ba.

Zuma ya ce bari ya je ya kira mutane. Har yanzu da nake rubutun nan yana kiran su. Maman yara ce ta fita tsakar gida ta kwance igiyar shanya, muka zura ta ƙarƙashin hammatarsa, ni da ita da direba muka ja. Ya fito a ja na uku, ba ciwo, sai takalmi ɗaya da ya bar wa ramin. Da numfashinsa ya dawo ya tambaya da kakkausar murya wane ne ya ba da bayanin daɓen nan. Na ce ranka ya daɗe, wane ne ya sa hannu? Ya dube ni, na dube shi. Tun da nake ban taɓa samun fahimtar juna da gwamnati irin ta wannan shirun ba. Ya ɗingisa zuwa mota da safa ɗaya.

Muka rage mu biyu. Maman yara ta ɗauki wani guntun siminti ta jefa a ramin, muka daɗe kafin mu ji faɗuwarsa. Ta dubi tagar, ta dubi inda rana ta sauka a ƙasa, daidai bakin ramin.

"Nan za mu sa gadon Inna," in ji ta a hankali. "Shi tumbinsa ya tare shi. Inna ba ta da tumbi."

Ban yi dariya ba. Na zauna a bakin ƙofa. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke zuwa bayan abu ya wuce, kunya kuma ta fi tsoron. Na gaya mata cewa na ji sautin tun ranar, da ƙafata na taka, kuma da bakina na ce ba laifi. Ta ce ta sani, ta gani a fuskata sa'ad da direba ya ambaci ɗakin. Na ce na gaji da ƙwanƙwasar mai gida ne. Ta ce ita ta fi ni gajiya, don ita ce ke gida in ya ƙwanƙwasa, amma za ta iya ƙara shekara tana jin ta. Sannan ta naɗe igiyar mutane ta mayar inda ta ɗauko. A hanya ta gaya min akwai wata injiniya da take ɗinka wa labule, mace mai tsani da tocila da 'yar guduma, wadda ke shiga cikin rufi da kanta ta fito da yanar gizo a ka. Ita za ta duba gida na gaba. Ni kuma in na ga dama in zo, amma a tsallaken titi zan tsaya, za ta ara min lema.

Da muka shiga gida Inna ta ɗaga labule ta tambaye ni yaya gidan. Bakina ya riga ya ɗauko amsar da ya saba, na ji idon maman yara a ƙeyata. Na durƙusa na ce, "Inna, akwai laifi. Ba za mu saya ba." Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ita labulen ma ta saba da shi, sai dai a taimaka a tura mata fankar nan, ta tsaya. Na miƙa hannu zan ɗauki sandar tsintsiya, maman yara ta sa min sukundireba a ciki.

Kada kuma ku ce ba na yaba wa hukuma in ta yi abin kirki. Ofishin da ya ɗauki mako uku kafin ya samo fom, kafin la'asar ɗin yau ya fitar da sanarwa: daga yanzu an hana jami'i shiga kowane gini, tabbatacce ko marar tabbas. Takardar gidan kuwa tana nan daram, don ba a soke ta sai an sake dubawa. Mai faci ya ce ɗazu ya hango Zuma a kan babur, da naɗin sabuwar leda a kafaɗa.

Saboda haka in wani ya kai ku gida mai sabon fenti, ya nuna muku rahoto mai hatimin zinare, ku buɗe shafi na tara. In kun ga an rubuta ba laifi, ku gaishe da injiniyan. Shagonsa na nan kusa da mai faci, fanka yake gyarawa.